Haske, Ruwa Da Numfashi: Yadda Mai Nutso Zai Inganta Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Teku

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan ƙarƙashin teku a mujalla ko a talabijin, ya ga kifaye jajaye da rawaya suna kewaya duwatsun murjani kamar an zana su da hannu, yana iya zaton haka wurin yake a idon duk wanda ya nutsa. Al'amarin kuwa ba haka yake ba. Mutumin da ya sauka mita 20 a cikin teku, ko da tsakar rana ce kuma ruwan garau yake, abin da zai tarar shi ne duniya mai launi guda, shuɗi-shuɗi mai sirkin toka. In ya yanke a yatsa, jinin da zai fito ba ja zai gan shi ba, kore-kore zai gani mai duhu. Launukan nan da muke sha'awa a jikin hoto, mai ɗaukar hoton ne ya sauka da hasken da ya fito da su.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa malamai da 'yan'uwa ɗalibai abin da ke sa hoton wani mai nutso ya fito tangaran, na wani kuma ya fito dishi-dishi, alhali teku ɗaya suka shiga, wataƙila ma da kyamara iri ɗaya. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, babban abokin gabar mai hoto a nan shi ne ruwan da ke tsakanin kyamararsa da abin da yake son ɗauka. Kusan duk wata dabara da aka ƙago a wannan fanni cikin shekara ɗari da 'yan kai, hanya ce ta rage wannan ruwa. Rage shi kuwa ba ya samuwa sai mutum ya mallaki jikinsa da numfashinsa, watau sai ya ƙware a nutso kafin ya ƙware a hoto. Za mu riƙa ɗauko misalanmu daga Bahar Maliya, musamman gaɓar Fot Sudan, domin a can aka yi wasu daga cikin manyan ayyukan farko na wannan sana'a.

Abin Da Ruwa Ke Yi Wa Haske

Abu na farko sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsoma ludayi a cikin kwanon ruwa ya ga kamar ya karye. Haske yana rage gudu idan ya shiga ruwa, saboda haka yakan lanƙwashe a daidai inda ruwa da iska suka haɗu. Mai nutso yana sanye da gilashin fuska mai iska a ciki, haka nan kyamararsa tana cikin akwati mai iska, don haka duk hasken da zai iso gare su sai ya tsallaka wannan iyaka. Sakamakon haka, abu yakan bayyana ya fi ainihinsa girma da kimanin kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Kifin da ke nesa da mita 4 sai a gan shi kamar yana mita 3. Wannan ruɗi shi ke fara yaudarar ɗan koyo: yana ganin ya matso, nan kuwa da sauran tafiya.

Abu na biyu shi ne shanye launi, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hasken rana da muke gani fari, gamayyar launuka ne, irin waɗanda bakan gizo ke rarrabewa. Ruwa ba ya shanye su daidai wa daida. Ja shi ke fara tafiya, kafin a kai mita 5 mafi yawansa ya ƙare. Ruwan goro na biye da shi wajen mita 10, rawaya kuma ta jure har wajen mita 20. Kore da shuɗi su ke yin nisa, shi ya sa teku ke da launin da muka san ta da shi. Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi, watau ruwa bai damu da ko haske sauka yake yi ko tafiyar kwance ba. Abin da ake lissafawa shi ne jimillar tafiyar da hasken ya yi a cikin ruwa. A ƙaddara kifi yana zurfin mita 3, mai hoto kuma yana nesa da shi da mita 3. Hasken ya sauko mita 3 ya sami kifin, sa'an nan ya sake yin mita 3 kafin ya iso kyamara, ya zama mita 6 ke nan, ja ya riga ya tsere. Da mai hoton ya matso ya rage rabin mita tsakaninsu, da sauran ja a jikin kifin, ba tare da an sayi kome ba.

Na uku shi ne watsuwar haske. Ruwan teku, kome tsabtarsa, cike yake da ƙananan halittu da ɓarɓashin yashi da ke yawo. Duk wanda ya taɓa tuƙa mota da dare a lokacin hunturu, ya kunna babbar fitila cikin hazo, ya san abin da ke faruwa: hasken ya bugi ƙurar ya dawo masa a ido, hanyar ma ta ƙara ɓacewa. Haka fitilar kyamara ke yi a cikin ruwa, sai hoto ya fito da ɗige-ɗigen fari kamar an watsa masa gari. Ko ba a kunna fitila ba, wannan ɓarɓashi yana dusashe gefunan abubuwa gwargwadon nisansu.

Waɗanda Suka Share Fage

Tun 1856 wani Bature mai suna William Thompson ya zura akwatin kyamara a kan sanda cikin tekun Weymouth a Ingila, amma abin da ya samu da ƙyar ake gane shi. Wanda aka fi ɗauka a matsayin uban wannan fanni shi ne Louis Boutan, masanin halittun ruwa ɗan Faransa, wanda ya fara aiki a Banyuls, gaɓar Bahar Rum, a 1893. Shi da kansa yake nutsawa cikin kayan nutso masu hular ƙarfe. Saboda ƙarancin haske, wani hoton sai ya bar idon kyamara a buɗe har kusan minti 30, abin da ke nufin ba zai iya ɗaukar duk wani abu mai motsi ba. Wannan ya sa aka ƙera masa fitila mai ƙona garin maganiziyam a cikin ƙoƙon gilashi, aka ɗora ta a kan ganga mai iska. A 1900 ya buga littafi a kan abin da ya gano.

Hoton farko mai launi sai a 1926 aka same shi, a tsibiran Dry Tortugas na Fulorida a Amurka, ta hannun William Longley da Charles Martin, mujallar National Geographic kuma ta buga shi a farkon 1927. Dabararsu mai ban tsoro ce. Garin maganiziyam mai yawa suke zubawa a kan wani abu mai iyo a saman ruwa, in mai nutso ya danna kyamara a ƙasa sai garin ya tashi kamar albarushi, ya haska ruwan daga sama.

Sauyi na gaske ya zo ne daga wajen numfashi, ba daga wajen kyamara ba. A 1943 Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke bai wa mai nutso iska daga tukunyar da ya goya, daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Daga nan mutum ya rabu da igiya da tiyo da takalman dalma, ya sami ikon bin kifi har inda yake. Hans Hass, ɗan ƙasar Ostiriya, ya zo Fot Sudan a 1949 ya sake dawowa a 1950, fim ɗin da ya ɗauka a can ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Venice a 1951. Shi ne kuma ya taimaka aka ƙera akwatin Rolleimarin, wanda ya daɗe yana hannun ƙwararru. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Jean de Wouters, ya zana wa Cousteau wata 'yar kyamara mai suna Calypso wadda ba ta bukatar akwati, kamfanin Nikon na Japan ya karɓe ta ya fito da ita da sunan Nikonos a 1963, aka yi ta ƙera ire-irenta har 2001. A 1963 ɗin dai Cousteau ya kafa wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, inda mutanensa suka zauna kimanin wata guda a zurfin mita 10. Fim ɗin da aka yi a kan wannan zama ya fito a 1964, ya kuma ci lambar Oscar.

In an duba, za a ga kowane mataki daga cikin waɗannan ko dai ya kai haske kusa da abin ɗauka, ko ya kai mutumin da kansa.

Matsowa

Masu koyar da wannan sana'a suna da doka ɗaya da suke nanata wa ɗalibansu: ka matso, in ka ga ka matso, ka ƙara matsowa. Mafi yawan kyawawan hotunan da muke gani an ɗauke su ne daga nisan da bai kai mita ɗaya ba, wasu ma daga nisan taki guda. Saboda haka dogon gilashin nan da masu hoton namun daji ke jawo zaki da shi daga nesa ba shi da amfani a ruwa. Zai jawo kifin, amma tare da duk ruwan da ke tsakani.

Gilashi iri biyu ne ke aiki. Akwai mai faɗin gani, wanda ke iya haɗiye babban abu daga kusa. Mafi faɗinsa shi ake kira idon kifi, yana ganin kusan digiri 180 daga kusurwa zuwa kusurwa, ta yadda mutum zai tsaya rabin mita daga wani reshen murjani ya ɗauke shi duka, har da abokin nutsonsa da hasken rana a bayansa. Akwai kuma gilashin ƙananan abubuwa, na ɗaukar jatan lande ko idon kifi ko wata tsutsa mai ado wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. A ganina da wannan na biyu ya kamata ɗan koyo ya fara, domin ruwan da ke tsakani kaɗan ne, fitila ɗaya ta isa, kuma ko ruwan bai da tsabta sosai ana samun abin kirki.

Tagar akwatin kyamara ita ma tana da nata hukunci. In shimfiɗaɗɗiya ce, lanƙwasar hasken nan da muka ambata tana ƙuntata gani, gilashin milimita 35 ya koma kamar na 47. Wannan alheri ne ga mai ɗaukar ƙananan abubuwa, amma hasara ce ga mai neman faɗi. Domin haka aka ƙago taga mai siffar ƙoƙo, wadda ke mayar wa gilashi faɗinsa. Sai dai ƙoƙon yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Shi da ruwan sukan haɗu su zama wani gilashin daban, su tattaro surar duk abin da ke gaba su ajiye ta dab da kyamara. In faɗin da'irar ƙoƙon daga tsakiya zuwa baki santimita 10 ne, to surar abu mafi nisa tana tsayawa ne kimanin santimita 30 a gabansa. Gilashin da ba ya iya saita abu na kusa haka, ba zai ga kome sosai ba ta cikin ƙoƙo. Har ila yau surar a lanƙwashe take, shi ya sa gefunan hoto kan yi dishi sai an tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/8 ko f/11.

Sai kuma kusurwa. Ɗan koyo yakan yi iyo a sama ya auna kyamara ƙasa, ya ɗauko bayan kifi a kan yashi, kifin ya saje da ƙasa. Abin da ya fi shi ne a sauka daidai da kifin ko ƙasa da shi kaɗan, a auna sama, domin ya fito sarai a kan shuɗin ruwa. Kuma ido ake saitawa. In idon ya fito, an yafe wa wutsiya.

Fitila

Fitilar walƙiya ita ke dawo da ja da ruwan goro. Amma ita ma dokar ruwa ta hau kanta, har ninki biyu, domin haskenta sai ya je ya dawo. Abin da ke nesa da mita 2 haskensa ya yi tafiyar mita 4. Ga kuma dokar haske ta ko'ina, wadda ta ce in nisa ya ninka sau biyu ƙarfin haske yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka kome ƙarfin fitila, bayan mita ɗaya da rabi ko biyu ba ta da wani tasiri a kan launi. Wanda ya sayi babbar fitila don ya huce wahalar matsowa ya yi asarar kuɗinsa.

Maganin ɗige-ɗigen nan kuwa shi ne a raba fitila da idon kyamara. Akan ɗora fitilu biyu a kan dogayen hannuwa masu gaɓoɓi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a ja su baya kaɗan, a ɗan karkatar da su waje. Abin da ake so shi ne gefen hasken kowace ya shafi abin ɗauka, ruwan da ke gaban gilashi kuwa ya zauna cikin duhu, don kada a haska ƙurar da ke cikinsa. In abin ɗauka ya matso sai a jawo fitilun ciki, in ya yi nisa a buɗa su. Ya kamata a tuna da ruɗin nan na nisa, domin wanda ya auna fitila inda idonsa ya ga kifin, gaban kifin ya haska.

Wani abu da ke ɗaukar ɗan koyo lokaci kafin ya gane shi ne, hoton mai faɗi hoto biyu ne a haɗe. Akwai na gaba, wanda fitila ke haskawa, akwai na baya, watau ruwan, wanda rana ke haskawa. Walƙiyar fitila gajeriya ce ƙwarai, ta fi ƙiftawar kyamara sauri nesa ba kusa ba, saboda haka saurin ƙiftawa ba ya canza hasken abin da ke gaba, launin ruwan baya kurum yake canzawa. In an sa kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ruwan ya fito shuɗi mai haske, in an sa ɗaya cikin 200 ya yi duhu kamar baba ta ji rini. Hasken gaba kuma ana daidaita shi da ƙarfin fitila da ƙofar haske. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da baya: a juya ga ruwa tsantsa, a gwada har shuɗin ya yi yadda ake so, sa'an nan a kunna fitila a daidaita gaba.

A zamanin fim mutum yana sauka da hoto 36 kacal, ba zai ga kuskurensa ba sai an wanke, wani lokaci bayan ya koma gida. Kyamarorin dijital sun kawar da wannan, ana gani nan take a gyara. Haka kuma in an ajiye hoto a ɗanyensa, ba a bar kyamara ta matse shi ba, ana iya gyara launi a kwamfuta. Wanda ba shi da fitila yana iya sa jan gilashi a gaban kyamara a ruwan da bai wuce mita 10 zuwa 15 ba, rana tana bayansa. Amma kada a ruɗu. Kwamfuta tana ƙarfafa jan da ya saura ne, wanda ruwa ya shanye sarai ba ta da inda za ta samo shi.

Jiki Da Numfashi

A nan ne maganar take, kuma a nan ne rai ke shiga ciki. An ce a matso har nisan taki guda daga kifi, a tsaya cik, hannu biyu suna riƙe da kyamara, ba a dafa kome ba, ba a tayar da yashi ba. Mai iya wannan shi ne wanda ya daidaita nauyinsa har ba ya nitsewa ba ya tasowa, yana rataye a tsakiyar ruwa. Kayan aikinsa su ne dalmar da ya ɗaura a ƙugu, da rigar da ake hura wa iska, da huhunsa. Huhun shi ne ma'auni mafi laushi, domin kowace lita ɗaya ta iska da mutum ya shaƙa tana rage masa nauyin kilo ɗaya a ruwa. Ƙwararre da numfashi kaɗai yake hawa ko sauka taki ɗaya. Kuma lissafin ba ya tsayawa wuri guda. Tukunya mai lita 12 da aka cika da matsin ba 200 tana ɗauke da lita 2,400 na iska, nauyinsu ya kusa kilo 3, saboda haka mutum yana ƙara sauƙi yayin da yake shaƙe ta. Ita ma kyamarar akan sa mata 'yan robobi masu iyo a hannuwa don kada ta riƙa jan wuyan hannu ƙasa.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Mai ɗaukar hoto a tudu ya saba ɗauke numfashi lokacin da zai danna, don kada hannunsa ya girgiza. Wannan ɗabi'a a ƙarƙashin ruwa tana iya kisa. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda, saboda haka iskar da aka shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a iso sama. Wanda ya cika huhu ya riƙe, yana tasowa a hankali bai sani ba domin idonsa na kan kifi, hawan mita ɗaya ko biyu a ruwa marar zurfi ya isa ya yaga masa huhu, kumfar iska ta shiga jini. Abin da ake koyarwa shi ne a ci gaba da numfashi a hankali, a danna a ƙarshen fitar da shi, lokacin da jiki ya fi natsuwa kuma kumfa ta wuce.

Haɗari na biyu shi ne shagala. A zurfin mita 30 matsi ya ninka na sama sau huɗu, iska ma sau huɗu take ƙarewa. A ƙaddara mutum yana shaƙar lita 20 a minti a tudu, a can zai shaƙi 80, tukunyar nan ta ƙare ƙaf cikin minti 30. Tun kafin nan ma akwai wata iyaka, domin iskar naitirojin tana taruwa a jiki, kuma a wannan zurfi kimanin minti 20 kurum aka yarda a yi in ana so a taso ba tare da dogon zango ba. Ita naitirojin ɗin daga wajen mita 30 takan sa wani irin maye, tunani ya yi nauyi. To, a haɗa wannan da mutumin da ya manna fuska a kyamara yana jiran kifi ya juyo. Bai duba ma'aunin iska ba, bai duba zurfi ba, abokin nutsonsa ya yi gaba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ƙwarewa ma ba ta zama kariya ba: Wes Skiles, wanda ya yi wa National Geographic aiki, ya rasu yana nutso a Fulorida a 2010, haka Rob Stewart ɗan Kanada ya rasu a can a 2017 yana aikin fim a kan kifayen shak. Shi ya sa masu hankali kan ɗaure wa kansu ƙa'ida, bayan kowane 'yan hotuna a ɗaga kai a duba iska da zurfi da aboki. In lokacin tasowa ya yi, a taso a hankali, kada a wuce mita 9 zuwa 10 a minti, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5. Ni dai ra'ayina shi ne, wanda har yanzu yake tunanin inda maɓallin rigarsa yake, lokacin riƙe kyamara bai yi masa ba. Sa'a goma a kwamin wanka, yana koyon tsayawa cik a gaban wata 'yar kwalba da ya ajiye a ƙasa, ta fi masa sabon gilashi amfani.

Hasarar rashin iya tsayuwa ba a kan mai nutso kaɗai take faɗawa ba. Murjani dabba ce mai rai, ko da yake kama da dutse take, kuma manyan dunƙulallun nan ba su wuce ƙarin santimita ɗaya ko makamancin haka a shekara. Shurin takalmin iyo guda yana karya abin da ya yi shekaru yana ginuwa. Tsibirin murjani na Sanganeb da ke kusa da Fot Sudan ya shiga jerin wuraren gadon duniya na UNESCO a 2016, Ras Muhammad ta Masar kuwa tun 1983 aka keɓe ta. Akwai masu tsokano dabba da tsinke ko ɗauke ta su ɗora inda zai yi kyau a hoto. Manyan gasannin hoto suna korar irin wannan aiki, kuma daidai suka yi.

Kifi kuwa ba a bin sa. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, ba mutumin da zai tsere wa kifi ko ya kamo shi, abin da mai bi ke samu hoton wutsiya ne. Sanin hali shi ke aiki. Ɗan kifin nan mai ratsin fari da ke zaune cikin furen ruwa mai harbi ba ya barin gidansa, in an tsaya zai fito ya yi ta kai gwauro yana kai mari a wuri guda. Akwai kuma wuraren da ƙananan kifaye ke yi wa manya wanka, suna tsince musu ƙwari daga jiki har cikin baki. Wanda ya gane irin wannan wuri ya kwanta nesa kaɗan ya yi haƙuri, babban kifi zai zo da kansa ya buɗe baki a gabansa.

Game da kaya, abu ɗaya ya isa a faɗa. Abin da ke tsakanin kyamara da ruwan gishiri wani siririn zoben roba ne a bakin akwati. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kansa ta isa ta shigo da ruwa. Akan cire shi a goge, a shafa masa man silikon kaɗan, a rufe a wuri mai haske ba cikin gaggawa ba, bayan nutso kuma a jiƙa akwatin a ruwan daɗi kafin gishiri ya bushe a maɓallansa.

A Sha'ab Rumi

An kwashe gidajen da mutanen Cousteau suka zauna a ciki bayan an gama aikin 1963, amma an bar rumfar ƙarfen da suke ajiye ɗan jirginsu na nutso. Tana tsaye a kan ƙafafunta a zurfin da bai wuce mita 10 ba, siffarta kamar albasa, murjani ya lulluɓe ta. Wurin ya dace da gwada abin da muka faɗa, domin zurfin kaɗan ne, iska tana daɗewa, rana kuma tana isowa. Wanda ya tsaya nesa da mita 5 don ya ɗauke ta duka, zai samu wani dunƙule shuɗi a kan shuɗi. Wanda ya san aiki zai sauka kusa da gindinta da gilashin idon kifi, ya nemi wani reshen murjani mai launi ya matso shi har rabin mita, ya daidaita shuɗin ruwa tukuna, ya buɗa fitilunsa, ya auna sama yadda rumfar za ta tsaya baƙa a bayan reshen, sa'an nan ya jira abokinsa ya iso gefenta don a gane girmanta. Ana shiga cikinta ta ƙasa. Iskar da masu nutso ke fitarwa takan taru a ƙarƙashin rufin, fuskar ruwan da ke nan ta zama kamar madubi, tana nuna duk wanda ya shigo a kife. Mai son ɗaukar wannan sai ya rage ƙarfin fitila ƙwarai, ya kuma jira ruwan ya lafa bayan kumfarsa ta fashe.